Gwajin insuleshin ɗin taransifoma: wanne ya kamata a yi, kuma yaushe

Abin da ke kashe babbar taransifoma mai ɗauke da mai ba kasafai yake zama ƙarfen tsakiya ko jan ƙarfen naɗi ba. Takarda ce da kwali da man da ke raba zagayen waya da ɗan'uwansa, naɗi da naɗi, naɗi da tanki. Su ake kira insuleshin a dunƙule, kuma gwaje-gwajen da ake yi musu sun doshi goma. Da yawa suna ɗauka cewa hawa-hawa suke, Megger (awon tirjiyar insuleshin) a ƙasa, gwajin aradu a ƙololuwa, wai wanda ya fi yawan boltej shi ya fi faɗin gaskiya. Wannan tunanin ne ke sa a huda taransifomar da busarwa kawai take nema, ko a kunna wadda ke da rauni tsakanin zagaye biyu don kawai Megger ya nuna lamba mai kyau.

Iri biyu ne, kuma aikinsu daban. Akwai masu auna hali: ana sa boltejin da ba zai cutar da komai ba, a sami lamba, a kwatanta ta da ta bara ko ta masana'anta. Megger, tan delta (awon asarar insuleshin), gwajin mai da DFR (awon danshin takarda) duk a nan suke. Akwai kuma masu gwada juriya: ana ɗora boltej fiye da na aiki a ga ko insuleshin zai riƙe, amsa kuma ɗaya ce cikin biyu, ko ya jure ko ya huje. Idan ya huje, gwajin ne da kansa ya ƙarasa shi. Ƙa'idar IEC 60076-3 ce ta tsara na juriya, IEEE C57.152 kuma ita aka fi bi wajen gwajin auna hali a tasha. Nan gaba HV na nufin naɗin babban boltej, LV kuma na ƙarami.

Megger: mai sauƙi ne, amma ganinsa gajere

Auna tirjiyar insuleshin da boltejin DC shi ne gwajin farko kusan ko'ina, kuma sunan kamfanin Megger ya bi shi. Ana cire kebul da aresta (makarin aradu) da taransifomar awo, a raba niyutiral da ƙasa, a haɗa bakunan bushin (insuleton da waya ke fita daga tanki ta cikinsa) na HV wuri ɗaya da waya tsirara, a yi haka ga na LV. Awo uku ake yi: HV zuwa LV da tanki, LV zuwa HV da tanki, sai HV da LV tare zuwa tanki. Naɗin kV 11 zuwa sama ana ba shi bolt 2500 ko 5000, naɗin bolt 400 kuma bolt 500 ko 1000 ya ishe shi. Ana karanta lambar minti ɗaya. Idan aka bar na'urar ta kai minti goma, a raba lambar minti goma da ta minti ɗaya, sai a sami PI. A al'ada, PI ƙasa da 1.1 abin damuwa ne, sama da 2 kuma yana da kyau. Sai dai PI ya fi dacewa da busasshen insuleshin irin na injin da janareto. A taransifoma mai sabon mai mai tsabta ana iya ganin PI kusa da 1 alhali tirjiyar tana da yawa ƙwarai, kuma babu wata cuta.

Zafi shi ne babban tarkonsa. Tirjiya tana raguwa kusan rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Taransifomar da ta nuna megaom 2000 a digiri 20 za ta nuna wajen 500 a digiri 40, ba tare da komai ya same ta ba. Saboda haka lambar da ba a rubuta zafin mai a gefenta ba, ba ta da amfani ga wanda zai zo baya. Ƙura da raɓa a jikin bushin ma suna jan lamba ƙasa. A goge bushin, a naɗa waya a ƙasan filfilarsa ta sama a kai ta bakin gad na na'urar don karant ɗin da ke bin fata ya fita daga lissafi. Bayan an gama, a bar naɗin haɗe da ƙasa aƙalla ninki huɗu na lokacin da aka yi ana gwajin, domin takarda tana riƙe caji ta sake shi a hankali.

Megger yana kama babban danshi, man da ya gurɓace sosai, fasasshen bushin, da naɗin da ya taɓa tanki. Abin da ba zai taɓa gani ba shi ne tsakanin zagaye da zagaye, tunda duk naɗin yana kan boltej ɗaya lokacin awo. Naɗi zai iya ƙonewa a tsakiya, Megger ya ce lafiya lau.

Tan delta

Idan abu ɗaya za a ƙara a kan Megger, wannan ne. Ana sa AC, yawanci kV 10 a firikwensin layi, a auna kafasitans da kuma kason karant ɗin da ke ɓacewa ya zama zafi cikin insuleshin. Insuleshin mai kyau asararsa kaɗan ce. Ruwa da asid da tsufa suna ƙara ta. Haɗin wayoyi iri ɗaya ne da na Megger, amma na'urar tana iya rarrabe sassa: CH tsakanin HV da ƙasa, CL tsakanin LV da ƙasa, CHL tsakanin naɗin biyu. CHL ne ya fi faɗin halin takarda da kwali, domin bushin da dattin fatarsa ba sa shiga cikinsa. Kada boltejin gwaji ya wuce abin da naɗin zai iya ɗauka. Naɗin bolt 400 ba a ba shi kV 10.

Ga sabuwar taransifoma mai man ma'adinai, ana son tan delta ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari idan an mayar da shi digiri 20. Wadda ta daɗe tana aiki za ta iya kaiwa kashi 1, abin da ya haura nan kuma sai an bincika. Man tsirrai irin na esta yana ba da lamba mafi yawa ko da sabo ne, don haka wannan iyakar ba tasa ba ce. Amma iyaka ba ta kai tarihi muhimmanci ba: tashi daga 0.25 zuwa 0.48 cikin shekara biyu ya fi tayar da hankali kan 0.6 da ya tsaya wuri ɗaya shekara goma.

Rauninsa shi ne matsakaici yake bayarwa. Ƙaramin wuri mai cuta yana ɓuya cikin babban kafasitans. A ce CH ya kai pF 8000 da asarar kashi 0.30, sai bushin ɗaya mai pF 400 ya lalace har asararsa ta kai kashi 2. Idan aka auna su tare, lambar za ta fito wajen 0.38, a rubuta cewa ta ci gwaji, alhali bushin ɗin yana dab da fashewa. Shi ya sa ake auna kowane bushin mai kafasitans shi kaɗai ta bakin gwajinsa da ke gindi. A nan sauyin kafasitans C1, wato wanda ke tsakanin wayar tsakiyar bushin da bakin gwajinsa, ya fi tan delta saurin tona asiri. Bushin irin wannan an yi shi ne da zanen alminiyam hawa-hawa cikin takarda. Idan hawa 20 ne kuma ɗaya ya haɗe, C1 zai ƙaru da kusan kashi 5. Ƙarin kashi 5 bisa lambar da ke jikin farantin bushin dalili ne na bincike, kashi 10 kuma dalili ne na cire shi. Wani abu ƙarami da ya sha halaka bushin: a manta mayar da murfin bakin gwajin. Murfin ne ke haɗa zanen ƙarshe da ƙasa, idan babu shi sai boltej ya taru a wurin ya yi ta tartsatsi.

Yanayi yana da tasiri. Ba a yin awon idan iska ta jiƙe sosai ko raɓa na kan bushin, haka nan idan zafin mai ya kusa daskarewar ruwa, don ƙanƙara ba ta nuna asara yadda ruwa ke nunawa. Idan lamba ta fito ƙasa da sifili, ba wai insuleshin ya wuce kyau ba ne. A duba dattin bushin da wayar ƙasa ta na'urar. Ana kuma maimaita awon a boltej biyu, misali kV 2 da kV 10. Idan asara ta ƙaru da ƙarin boltej, akwai alamar ramuka ko tartsatsi a ciki.

Mai yana faɗin abin da ba a gani

Gwajin ƙarfin mai bisa IEC 60156 yana da sauƙi: tazarar milimita 2.5 tsakanin ƙwallaye biyu, boltej yana hawa kV 2 a kowane sakan har mai ya huje, a yi sau shida da hutun minti biyu a tsakani, a ɗauki matsakaici. Sabon mai da aka tace ya kamata ya kai kV 70. Ga wanda ke cikin aiki, IEC 60422 tana ganin sama da kV 40 a matsayin mai kyau ga taransifomar da ba ta wuce kV 72.5 ba, sama da 50 ga ta tsakanin nan da kV 170, sama da 60 ga wadda ta haura. Lambar da aka samu da hanyar ASTM ba a gwama ta da waɗannan, domin siffar ƙarafan da tazararsu sun bambanta. Yawancin sakamako mara kyau daga ɗaukar samfur yake fitowa: ba a goge bakin bawul ba, ba a zubar da litocin farko ba, kwalba ba ta bushe ba, ko an ɗiba ana yayyafi.

Ga inda ake ruɗuwa. Kusan duk ruwan da ke cikin taransifoma a takarda yake, mai ɗan kaɗan ya riƙe. Idan aka tace mai na 'yan sa'o'i, ƙarfinsa zai haura kV 70, a yi murna, bayan makonni takarda ta sake sako ruwa lambar ta koma inda take. Ruwan da ake aunawa cikin mai ma yana bin zafi: taransifoma mai zafi tana tura ruwa daga takarda zuwa mai, mai sanyi kuma tana mayar da shi. Ƙarfin mai na yau ba shaida ba ne cewa takarda ta bushe.

Wanda ke amsa tambayar danshin takarda kai tsaye shi ne DFR. Tan delta ne shi ma, amma da ƙaramin boltej, bai fi bolt 200 ba, ana saukowa daga Hz 1000 har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na Hz ko ƙasa da haka. A ƙananan firikwensi ne ruwa ke bayyana, kuma ana iya raba tasirinsa da na gurɓataccen mai. Takarda za ta iya ɗaukar ruwa kusan kashi 2 cikin ɗari tan delta na Hz 50 bai motsa sosai ba, DFR kuwa zai nuna. Kuɗinsa lokaci ne: yana iya cin sa'a ɗaya ko fiye, musamman idan taransifomar ta yi sanyi. Kafin a yanke shawarar busar da babbar taransifoma, shi ya cancanci a nema.

Binciken iskar gas da ta narke cikin mai, DGA, kamar sauran gwajin mai, ba ya buƙatar a kashe wuta, kuma shi ne ke ganin abin da ke faruwa a boltejin aiki da zafin aiki. Ana ɗibar man da sirinjin gilashi ba tare da iska ta shiga ba. Haidurojin mai yawa yana nuna ƙananan tartsatsi, mitan da itan suna nuna zafi matsakaici, itilin zafi mai tsanani, asitilin kuma wuta ce ta yi tsalle. Kabon monoksaid da kabon dayoksaid na takarda ne. IEC 60599 da kusurwa ukun Duval, wadda ke amfani da mitan da itilin da asitilin, su ake fassara sakamako da su. A kula da na'urar sauya tap (wadda ke ƙara ko rage yawan zagaye don daidaita boltej) mai aiki da lodi: tartsatsi aikinta ne, idan man da ke cikinta ya yoyo zuwa babban tanki za a ga asitilin ba tare da naɗi yana da laifi ba. DGA yana cewa akwai cuta da irinta, ba ya cewa ga inda take.

Boltejin waje ko ninka boltej

A nan ne zaɓi ya fi tsada, kuma a nan aka fi ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya alhali wurare daban suke matsawa.

Gwajin boltejin waje yana zuwa daga wata taransifomar gwaji. Ana haɗa duk bakunan naɗin da za a gwada, a kai sauran naɗi da ƙarfen tsakiya da tanki ƙasa, a ɗora AC na sakan 60. Ana farawa daga abin da bai wuce sulusin boltejin gwaji ba, a hau da sauri gwargwadon yadda za a iya karantawa, a sauko ƙasa da sulusi kafin a yanke. Yankewa a ƙololuwa yana haifar da tsallen boltej da zai iya huda abin da ya riga ya jure. Naɗin bolt 400 yana karɓar kV 3, na kV 11 yana karɓar kV 28, na kV 33 kV 70, na kV 66 kV 140. Ana matsa insuleshin tsakanin naɗi da naɗi da tsakanin naɗi da ƙasa. Tsakanin zagaye da zagaye kuwa babu ko bolt ɗaya, daidai da Megger.

Abu biyu ke taƙaita shi. Na farko girman na'ura. Taransifoma kafasita ce a idon wannan gwajin, karant ɗinta kuwa shi ne 2π sau firikwensi sau kafasitans sau boltej. Naɗi mai nF 10 a kV 70 da Hz 50 zai ja amfiya 0.22, wato kVA 15 da ɗoriya. Mai nF 20 a kV 275 zai ja amfiya 1.7, kusan kVA 475. Shi ya sa ake auna kafasitans tukuna, kuma ga manya ake kawo na'urar rezonans mai riyakta da ke soke karant ɗin kafasita. Na biyu ya fi haɗari. Manyan naɗi masu haɗin tauraro, daga kV 132 zuwa sama, galibi insuleshin ɗinsu ba ɗaya ba ne daga kai zuwa gindi: mai kauri ne a bakin layi, siriri a wajen niyutiral, don niyutiral a ƙasa yake zama. Za a iya samun naɗin kV 132 da niyutiral ɗinsa kV 38 kawai aka tsara ya jure. Tunda gwajin boltejin waje yana ɗaga naɗin gaba ɗaya, iyakarsa matakin niyutiral ne. Wanda ya duba teburin ƙa'ida ya ɗora kV 275 bai karanta farantin taransifoma ba, zai huda ta nan take.

Gwajin ninka boltej shi ne ke cike wannan giɓin. Ana ba LV ninki biyu na boltejinsa, a bar HV a buɗe, sai taransifomar da kanta ta tayar da ninki biyu a kowane zagaye. Taransifomar kV 11 zuwa bolt 400 za a ba ta bolt 800, HV ya kai kV 22. Yanzu ne ake matsa tsakanin zagaye, tsakanin faifan naɗi, tsakanin fes da fes, da sassan tap. Amma ba a yin sa a Hz 50. Ƙarfen tsakiya yana aiki ne a wajen tesla 1.7, yana cika a wajen 2. Ninka boltej a firikwensi ɗaya zai nemi tesla 3.4, karant ya yi tashin gwauron zabi. Sai a ninka firikwensi ko fiye. Har zuwa ninki biyu na firikwensin aiki, lokacin sakan 60 ne. Sama da haka, ana lissafa 120 sau firikwensin aiki a raba da na gwaji, amma kada ya gaza sakan 15: Hz 150 sakan 40, Hz 200 sakan 30, Hz 400 sakan 15. Ana samun firikwensin daga injin da ke juya janareto ko daga na'urar sauya firikwensi. A babban firikwensi taransifoma tana koma wa janareto kamar kafasita, boltej zai iya gudu da kansa, don haka ake sa riyakta a gefen LV.

Ga wanda ke sake naɗa taransifoma, ninka boltej ya fi boltejin waje muhimmanci, domin kuskuren naɗi kusan kullum tsakanin zagaye yake: takardar da ta yage, wayar da ta yi kaifi a mahaɗa, hawan da aka matse fiye da kima. Awon rabon zagaye da karant ɗin da taransifoma ke ja babu lodi suna kama zagayen da ya riga ya haɗe, ba sa kama wanda ke shirin haɗewa.

Juriya ta minti ɗaya ba ta tabbatar da shekara talatin. Saboda haka ga taransifomar da ta wuce kV 72.5, IEC 60076-3 ta 2013 ta wajabta a haɗa gwajin da auna ƙananan tartsatsin ciki, PD. Ana ɗaga boltej zuwa ninki 1.8 na boltejin fes zuwa ƙasa na ɗan lokaci, a sauko zuwa ninki 1.58 a tsaya sa'a guda ana aunawa. PD bai kamata ya wuce pC 250 ba, kada kuma ya yi ta hawa. Kumfar iska cikin mai, rami cikin kwali, ɓurɓushin ƙarfe, ko ƙarfen da ba a haɗa da ƙasa ba, duk suna jure gwajin minti ɗaya su kuma bayyana a PD. Wahalarsa a tasha hayaniya ce: layukan da ke kusa da bakunan ƙarfe masu tsini suna shiga awo, dole a rufe kawunan bushin da zoben kariya, a kuma auna hayaniyar wurin kafin a fara.

Na'urar babban boltejin DC da ake gwada wasu kebul da ita kuwa, a bar ta a mota. A AC, boltej yana rabuwa bisa ikon riƙe caji, kuma da yake na kwali mai jiƙe da mai ya kusa ninka na mai, man ne ke ɗaukar matsi mafi yawa. A DC yana rabuwa bisa tirjiya, sai nauyin ya faɗa kan takarda. Ana matsa wurin da ba shi aiki ke matsawa ba, a kuma bar caji a ciki.

Gwajin aradu na masana'anta ne. Bugu ne da ke kai ƙololuwa cikin maikirosakan 1.2 ya sauko rabi a 50: kV 75 ga naɗin kV 11, 170 ga na kV 33, 550 ko 650 ga na kV 132. Saboda saurinsa, zagayen farko na bakin layi ne ke ɗaukar yawancin boltej, abin da babu wani gwajin AC da ke yi. Ana bugu ɗaya da kashi 50 zuwa 70, sannan uku cikakku, a gwama siffar boltej da ta karant. Ɗan bambanci shi ne faɗuwa. Sama da kV 72.5 kowace taransifoma ake yi wa, ƙasa da haka ɗaya ake gwadawa a madadin ƙirar. Mai saye ba na'urar zai nema ba, rahoton zai nema, ya tabbata na wannan ƙirar ce.

Zaɓi bisa halin da ake ciki

Sabuwar taransifomar da ta iso tasha ta riga ta sha gwajin juriya ɗari bisa ɗari. Tambayar yanzu ita ce ko hanya da haɗawa sun ɓata wani abu. Megger na naɗi, Megger na ƙarfen tsakiya zuwa tanki da ƙaramin boltej, tan delta na naɗi da na kowane bushin, ƙarfin mai da ruwansa, da DGA na farko sun wadatar, tare da SFRA (awon yadda naɗi ke amsa firikwensi daban-daban) don ganin ko naɗi ya gusa. Waɗannan lambobin su ne ma'aunin duk shekarun da ke tafe. Maimaita gwajin juriya a nan ya fi dacewa da manya da aka zuba wa mai aka sa wa bushin a tasha, kuma ninka boltej da PD ne ke da amfani.

Wadda ke aiki lafiya DGA da gwajin mai take so duk shekara, tan delta da Megger kuma duk lokacin da aka kashe ta don gyara. Ba a ɗora mata boltejin juriya don kawai a ji daɗi. Ba a auna lafiyar tsoho da ɗora masa buhu. Takardar da ta tsufa, wadda tsayin zarenta ya sauka daga wajen DP 1000 zuwa kusa da 200, tana iya ci gaba da aiki idan ba a girgiza ta ba.

Wadda rilen Buchholz (mai jin taruwar gas) ko na difarenshal (mai gwama karant ɗin shiga da na fita) ya fitar, a fara da gas ɗin da ya taru a rile da samfurin mai kafin a sa mata ko bolt ɗaya, domin tartsatsi cikin tanki mai gas mai kamawa gobara ce. Daga nan Megger, rabon zagaye, karant ɗin babu lodi, tan delta, SFRA. Awon tirjiyar naɗi da DC shi ake bari ƙarshe, ko a cire maganaɗisun da ya bari, domin yana karkatar da sakamakon karant ɗin babu lodi da na SFRA.

Wadda aka buɗe aka gyara ita ce ke buƙatar iri biyun, kuma a jere. Na auna hali tukuna. Idan tan delta ko mai bai yi kyau ba, a koma busarwa. Sai boltejin waje, sannan ninka boltej a ƙarshe, domin shi ne zai kama ɓarnar da na gabansa ya iya jawowa. Idan akwai tsohon insuleshin da ya rage a ciki, ƙa'idar IEC ita ce kashi 80 na boltejin asali sai in an yi wata yarjejeniya: kV 22.4 maimakon 28, kV 56 maimakon 70. Naɗin da aka sabunta gaba ɗaya yana karɓar cikakke.

Kafin a ɗora boltejin, a bar mai ya kwanta bayan zubawa, daga yini guda zuwa kwanaki gwargwadon girman taransifoma da abin da littafin masana'anta ya ce, a kuma fitar da iska daga gindin bushin da radiyeto da rilen Buchholz; kumfa ɗaya ta isa ta kayar da aikin da babu laifi a cikinsa. Tankin da aka zuƙe wa iska ba a sa masa ko Megger, don iska mara nauyi tana hujewa a ƙaramin boltej. A cire aresta da ƙahonin tartsatsi, a haɗe bakunan CT (taransifomar awon karant) na cikin bushin a kai su ƙasa, a rubuta matsayin tap. A ɗauki samfurin mai kafin gwajin juriya, a sake ɗauka bayan sa'o'i da gamawa. Idan asitilin ya bayyana a na biyu alhali babu shi a na farko, wuta ta yi tsalle a ciki ko da mita ba ta faɗi ba, kuma taransifomar ba ta tashi zuwa layi ba sai an gano wurin.